Yadda ake tsara allon taɓawa don baje kolin rayuwar birni

Mutumin da ya shigo zauren baje koli kan rayuwar birni ba baƙo ba ne a wannan batu. Ya san cunkoson ababen hawa, ya san hayaniyar safiya, ya san yadda unguwa ke sauya kama cikin 'yan shekaru har mai gida ya kasa gane layinsu. Alƙaluman da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2018 sun nuna cewa kashi 55 cikin 100 na mutanen duniya a birane suke zaune, alhali a 1950 kashi 30 ne kawai, kuma ana hasashen adadin zai kai kashi 68 nan da 2050. Saboda haka mai tsara allon taɓawa na irin wannan baje koli yana yi wa masana aiki ne, kuma babban abin da ake nema daga gare shi shi ne ya ba wanda ke tsaye, mai gaggawa, wanda sau da yawa yana tare da wasu, damar gano kansa da unguwarsa a cikin labarin birnin kafin ƙafarsa ta gaji. Duk matakan da ke biye daga wannan tushe suka taso.

Mataki na farko: tambaya ɗaya ga kowane allo

Kafin ka kira mai rubuta manhaja, kafin ma ka nemi sanin girman allon da za a saya, ka zauna da masu kula da baje kolin ku rubuta, a jimla ɗaya, tambayar da kowane allo zai amsa. Daga ina ruwan famfo yake zuwa, kuma ina yake tafiya bayan an yi amfani da shi? Yaya wannan titi yake shekara ɗari da suka wuce? Su wa ke farke suna aiki da ƙarfe uku na dare? Idan tambayar ta ƙi shiga jimla ɗaya, to allo biyu ake buƙata, ko kuma ba a gama tunani ba tukuna.

Daga nan sai ka tambayi kanka abin da ya fi wuya: shin amsar tana buƙatar taɓawa? Idan hoto babba da rubutu layi uku za su wadatar, a buga su a manna a bango, domin bango ba ya lalacewa kuma mutum goma za su iya karanta shi lokaci guda. Allon taɓawa yana cancantar wurinsa ne idan akwai zaɓi na gaske a hannun maziyarci, wato idan zai kwatanta jiya da yau, ko ya nemo wurin da ya sani, ko ya canza wani abu ya ga sakamakonsa. A ganina mafi yawan allunan da ake wucewa ba a taɓa su a gidajen tarihi a wannan mataki suka faɗi, domin an mayar da su rumbun zuba duk abin da bai samu wuri a bango ba.

Mataki na biyu: sanin maziyarci da lokacinsa

Beverly Serrell, wadda ta yi shekaru tana bibiyar yadda mutane ke zagaya wuraren baje koli a Amurka, ta gano cewa galibin maziyarta ba sa kai minti 20 a cikin baje koli guda, kuma kaɗan ne ke tsayawa a fiye da rabin abubuwan da aka tanada. Allonka ɗaya ne daga cikin abubuwa da yawa da ke neman rabo a wannan ɗan lokaci. Don haka ka tsara shi ta yadda wanda ya ba shi sakan 30 zai tafi da wani abu a ransa, wanda ya ba shi minti uku zai ƙaru, wanda kuma ya zauna minti goma ba zai rasa abin tonowa ba.

Ka rubuta nau'o'in mutanen da kake sa rai: ɗaliban makaranta da suke zuwa a ayari, iyaye da ƙananan yara, dattijon da ya rayu a birnin tun ƙuruciya kuma idonsa ya fara rauni, baƙon da bai jin harshen garin, mai zaune a keken guragu. Idan da hali, ka je wani baje kolin da ke gudana ka tsaya a gefe kana kallo. Za ka ga cewa mutane ba sa karanta umarni, suna taɓawa ne su ga abin da zai faru, kuma yaro ne kan fara miƙa hannu yayin da babba ke tsaye a bayansa yana karantawa ta saman kansa.

Mataki na uku: tattara kayan ciki da jera su

Kayan da za su shiga allo sun haɗa da tsofaffin hotuna, taswirori, muryoyin mazauna, gajerun bidiyoyi da alƙaluman ƙidaya ko na sufuri. Ka buɗe jadawali guda, kowane abu da layinsa: mene ne shi, wace shekara, wane wuri, wa ya mallake shi, an samu izinin nuna shi ko ba a samu ba. Wannan aiki yana da gajiyarwa, amma shi ne ke hana a cire hoto ranar buɗewa saboda mai shi bai yarda ba. Idan za a ɗora bayanan a kan taswirar OpenStreetMap, wato taswirar duniya ta kyauta a intanet, wadda aka fara a 2004, lasisinta ya wajabta a rubuta sunanta a inda mai kallo zai gani.

Wajen jerawa, ƙa'idar da masanin kimiyyar kwamfuta Ben Shneiderman ya bayyana a 1996 har yanzu tana aiki: a fara nuna abu gaba ɗayansa, sannan a ba da damar matsowa kusa da tacewa, sai a ba da cikakken bayani ga wanda ya nema. A aikace wannan yana nufin hawa uku. Hawa na farko shi ne birnin duka a fuska ɗaya, na biyu unguwa ko jigo guda, na uku kuma labari ɗaya da hotonsa da muryarsa. Kada ka wuce uku, domin wanda ya nutsa hawa na biyar bai san hanyar dawowa ba, kuma wanda zai zo bayansa zai tarar da shafin da bai san yadda aka iso shi ba.

Taswira ce zuciyar mafi yawan allunan birni, don haka ta cancanci a daɗe a kanta. A 1960 masanin tsara birane Kevin Lynch ya fitar da sakamakon binciken da ya yi a Boston da Jersey City da Los Angeles, inda ya sa mazauna su zana birninsu da ka. Ya gano cewa mutane suna riƙe birni a zuci ta abubuwa biyar: hanyoyin da suke bi, iyakoki irin su kogi ko layin dogo, unguwanni, mahaɗai irin su tasha ko dandali, da fitattun alamomi irin su hasumiya ko gada. Darasin da ke ciki ga mai tsara allo a bayyane yake. Maziyarci ba ya neman gidansu da lambobin ma'aunin ƙasa, yana neman kogin ne, daga kogin ya gano gadar, daga gadar ya bi titin. Ka fito da waɗannan abubuwa biyar da kauri da suna, ka dusashe sauran. Ka tuna kuma da taswirar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Landan da Harry Beck ya zana, wadda aka fara rabawa a 1933: ya yi watsi da ainihin nisan da ke tsakanin tashoshi, ya miƙar da layuka, domin abin da fasinja ke so ya sani shi ne inda zai sauka ya canza jirgi. Idan tambayar allonka ta sufuri ce, irin wannan zane ya fi hoton tauraron ɗan adam amfani. Idan kuwa tambayar ta shafi yadda wani abu ya bazu a wuri, sai a koma ga ainihin taswira, kamar yadda likita John Snow ya yi a 1854 lokacin da ya sa alamar kowace mutuwar kwalara a kan taswirar unguwar Soho, har aka ga sun taru kewaye da famfon titin Broad. Tambayar ce ke zaɓar taswira.

Hanya mafi jan hankali ta nuna tarihi ita ce maja guda a ƙasan allo, wanda idan aka ja shi da yatsa shekaru ke tafiya, birnin yana faɗaɗa a gaban ido. Sai dai tsofaffin taswirori ba sa dacewa da sababbi kai tsaye. Sai an daidaita su ta hanyar haɗa wuraren da ba su motsa ba, kamar kusurwar tsohon gini ko mahaɗar tituna. Ka ware wa wannan aiki lokaci, domin mazaunin gari zai lura nan take idan gidansu ya faɗa cikin kogi.

Akwai kuma tambayar da ba ta fasaha ba ce, amma tana shiga nan: birnin wa ake nunawa? Ma'ajiyar hotuna ta hukuma takan cika da manyan gine-gine da bukukuwan buɗe ayyuka, ta rasa unguwannin talakawa, masu shara, masu ɗaukar kaya da matan da ke aiki a cikin gida. Idan ka zuba abin da ka samu kawai a kan taswira, wasu yankuna za su cika da alamomi wasu su zauna fayau, kuma wanda ya fito daga yankin da ke fayau zai fahimci saƙon ko da ba a yi nufinsa ba. Ka duba taswirar bayan an zuba komai, ka nemo guraben, ka aika a ɗauko muryoyi da hotuna daga can.

Mataki na huɗu: zaɓen allo da wurin kafa shi

Nau'i biyu ne suka fi yawa a manyan alluna. Na farko yana gane taɓawa ta cajin lantarkin da ke jikin mutum, irin na wayoyin hannu. Asalinsa ya koma ga aikin injiniya E. A. Johnson a Ingila a 1965. Yana da saurin amsawa, yana aiki ta bayan gilashi mai kauri, fuskarsa kuma sumul take, ana goge ta cikin sauƙi, amma ba ya jin safar hannu mai kauri ko hannun roba. Na biyu yana da firam mai harba hasken infared, wanda ido ba ya gani, a gefuna, yana gane duk abin da ya katse hasken. Ya fi sauƙin samu a manyan girma, yana karɓar kowane irin abu, sai dai ƙura a firam ko hasken rana mai ƙarfi ko hannun riga da ya ratsa suna iya rikita shi. Ga teburi na kwance, inda mutane ke jingina suna ɗora jaka, nau'in farko ya fi kwanciyar hankali. Ko wanne ka zaɓa, ka nemi wanda aka ƙera don aiki tsawon yini, ba talabijin na gida ba, kuma ka kula da ratar da ke tsakanin gilashi da hoton, domin idan ta yi faɗi mai kallo daga gefe zai riƙa taɓa kusa da maballi maimakon kansa.

Girma ba shi ne nagarta ba. Gaskiya ne cewa manyan bangaye sun yi suna: gidan tarihin birnin Kopanhagan ya fito da bango mai tsawon mita 12 a 2010, wanda aka riƙa kafa shi a dandalin gari mutane suna yawo cikin hotunan birnin, kuma gidan adana zane-zane na Cleveland ya buɗe nasa mai ƙafa 40 a 2013. Amma waɗannan an gina su ne don mutane da yawa su tsaya kafaɗa da kafaɗa. Ga mutum ɗaya ko biyu, allo mai inci 32 zuwa 43 ya isa, domin wanda ke tsaye a nisan hannu ba ya iya ganin babban allo gaba ɗaya.

Game da tsayi, ƙa'idojin Amurka na 2010 kan sauƙaƙa wa naƙasassu sun ba da ma'auni mai amfani ko'ina: duk abin da za a taɓa ya kasance tsakanin santimita 38 da 122 daga ƙasa, a bar fili a gabansa na aƙalla santimita 76 a faɗi da 122 a tsawo, idan kuma teburi ne a bar wajen shigar gwiwa mai tsayin kusan santimita 69. Ka duba dokar ƙasar da kake aiki, idan ta fi tsauri ka bi ta. Allon da ke tsaye cak yana gajiyar da hannu cikin ɗan lokaci, na kwance kuma yana ɗauko hoton fitilun rufi yana kuma wahalar da mai zaune. Karkata shi kamar digiri 30 zuwa 45 yakan raba gardama. Kafin a huda bango, ka kai allon zauren ka kunna shi ƙarƙashin ainihin fitilun da za a yi amfani da su, da safe da yamma, musamman idan akwai taga a kusa.

Mataki na biyar: zana fuskar allo

A 1954 masanin halayyar ɗan adam Paul Fitts ya nuna cewa lokacin da hannu ke ɗauka kafin ya kai ga wani abu ya danganta da nisansa da girmansa. Kamfanin Google yana ba da shawarar maballin waya ya kai kusan milimita 9, amma wannan na mutumin da ke riƙe da na'urarsa ne kusa da fuska. Ga wanda ke tsaye yana miƙa hannu, ni ina ganin kada maballi ya gaza santimita biyu, tare da rata tsakaninsa da na kusa. Ka auna da ma'auni a kan allon kansa, domin abin da ya yi girma a kwamfutar mai zane yana iya zama ƙarami ko ƙato a wurin. Manyan maballai su zauna a ƙasan allo, inda yaro da mai keke za su kai, inda kuma hannu ba zai rufe abin da ake kallo ba. Maballin komawa farko da na komawa baya su tsaya wuri ɗaya a kowane shafi ba tare da sun motsa ba.

Abin da ake taɓawa ya yi kama da abin taɓawa, wanda ba a taɓawa kuma kada ya yi kama da shi. Alama ita kaɗai ba ta isa ba, a haɗa ta da kalma. Tun fitowar iPhone a 2007 mutane da yawa sun saba da ware yatsu biyu don ƙara girman hoto, amma ba kowa ba, kuma ba kowane hannu ke iya yi ba. Saboda haka duk abin da ake yi da yatsu biyu ko da ja, a sa masa maballin da zai yi daidai wannan aiki da taɓawa ɗaya. Ka guji taɓawa biyu a jere da dannawa mai tsawo, domin babu abin da zai sanar da maziyarci cewa suna nan.

Rubutu ya zama gajere: kanun da ke faɗin abu kai tsaye, sannan kalmomi kamar 40 zuwa 60 a shafi. Ƙa'idojin WCAG, wato ƙa'idojin duniya na sauƙaƙa wa naƙasassu amfani da shafukan intanet, sun nemi bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa ya kai 4.5 bisa 1 ga rubutu na yau da kullum, da 3 bisa 1 ga manyan haruffa, kuma akwai manhajoji na kyauta da ke auna wannan. Rubutu a kan hoto yana buƙatar shimfiɗa mai duhu ko mai haske a ƙarƙashinsa. Kada launi shi kaɗai ya ɗauki ma'ana, domin a wasu al'ummomi kusan namiji ɗaya cikin 12 ba ya bambanta wasu launuka, musamman ja da kore, waɗanda su ne masu zanen taswirar cunkoso suka fi so. A ƙara siffa ko suna ko kaurin layi.

Sai batun saurin amsa. Jakob Nielsen, masanin sauƙin amfani da manhajoji, ya yaɗa iyakoki uku da aka daɗe da sani: amsar da ta zo cikin kashi ɗaya bisa goma na sakan ana jin ta kamar nan take, wadda ta kai sakan ɗaya ba ta katse tunani, wadda ta wuce sakan 10 kuwa ta rasa hankalin mutum. A zauren baje koli haƙurin bai kai haka ba. Duk taɓawa ta samu alama nan take, maballi ya sauya launi ko ya ɗan nutsa, ko da abin da aka nema zai ɗan jinkirta. Wanda bai ga alama ba zai sake dannawa da ƙarfi, sau uku, sannan ya faɗa wa na bayansa cewa ya lalace.

Mataki na shida: farawa, taro da sake farawa

Allon da babu kowa a gabansa yana da aikin kira. Ka shirya masa fuskar jira mai motsi a hankali, wadda ke nuna ainihin abin da ke ciki, misali taswirar tana sauya shekaru da hoton hannu yana jan majan, tare da gayyata ta kalmomi kaɗan a kan tambayar allon. Motsin yana kuma hana hoto ɗaya ƙonewa ya bar tabo a wasu nau'o'in allo. Taɓawar farko kada ta tafi a banza wajen kawar da fuskar jira. Ta buɗe abin da aka taɓa.

Mutane ba sa zuwa ɗaiɗaiku. Lokacin da masu bincike suka kafa babban allo a tsakiyar birnin Helsinki a 2007, sun lura cewa mutane suna koyon amfani da shi ta kallon waɗanda suka riga su, kuma sukan shiga hurumin juna, hoton wani ya rufe na wani. Don haka ka yanke shawara tun wuri: ko allon na mutum ɗaya ne mai tuƙi sauran suna kallo, ko kuwa kowa yana da yankinsa. Idan na biyun ne, kada abin da mutum ɗaya ya yi ya juya taswirar kowa. A bar babbar taswirar a tsaye, kowa ya buɗe ƙaramar tagarsa a gefen da yake. A kan teburi, rubutu ya juyo ya fuskanci wanda ya taɓa.

Idan an bar allon, ya koma farko da kansa bayan kamar minti ɗaya zuwa biyu, amma ya fara tambaya ko ana nan, ya ƙirga sakan goma a fili. Agogon kada ya yi aiki yayin da bidiyo ko murya ke tafiya. Komawar ta share komai, har da harshen da aka zaɓa da girman rubutu.

Mataki na bakwai: harshe, sauti da waɗanda allo ke iya shingewa

Birni wurin harsuna da yawa ne. Maballin sauya harshe ya kasance a kowane shafi, sunan kowane harshe a rubuce da harshen kansa, ba da tutar ƙasa ba, kuma sauyawar kada ta mayar da mutum farko. Ka tabbatar salon haruffan da aka zaɓa yana ɗauke da duk baƙaƙen da ake buƙata, domin da yawa ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai su fito da akwati a gurbinsu. Jerin haruffan Noto yana da su. Larabci yana buƙatar a juya tsarin shafin daga dama zuwa hagu. A bar wa fassara wuri, domin tsawon jimla yana bambanta daga harshe zuwa harshe.

Muryoyin mazauna su ne mafi daraja a irin wannan baje koli, kuma su ne mafi saurin ɓacewa a cikin hayaniyar zaure. A yi amfani da abin sauraro na riƙewa a kunne ko lasifika mai tattara sauti wuri guda, a yanka kowace hira zuwa kamar minti ɗaya, a nuna tsawonta kafin a kunna, a sa rubutun abin da ake faɗa a ƙasa saboda kurame da kuma duk wanda hayaniya ta hana shi ji. Ga makafi, gilashi sumul ba ya faɗin komai. A tanadi maballai na zahiri da ake lalubawa, da ramin sa abin sauraro, da muryar da ke karanta shafi tana bayyana hotuna. Taswira mai tudu da kwari da ake shafawa a gefen allon tana amfanar kowa.

Mataki na takwas: idan maziyarci zai ba da nasa

Allon birni yana ƙara armashi idan mazauna za su iya sa alama a inda suka girma ko su zaɓi abin da suke so a gyara. Baje kolin da gidan tarihin birnin New York ya buɗe a 2016 ya ware zaure guda inda maziyarta suka riƙa gwada tsara titi ko gida ko wurin shaƙatawa na nan gaba. Idan za ka bi wannan hanya, zaɓi daga jerin abubuwa ya fi rubutu sauƙi. Duk abin da aka rubuta da hannu sai wani ma'aikaci ya duba shi kafin ya bayyana, kuma a san sunan wannan ma'aikaci tun kafin buɗewa. Kada a nemi cikakken adireshi ko lambar waya, unguwa ta isa. Kada a ajiye hoton yaro. Idan akwai kyamara a faɗa a fili, a kuma bi dokar kare bayanan jama'a ta ƙasar.

Mataki na tara: gwaji

Gwajin farko da takarda ake yi. Ka zana shafukan a girmansu na gaskiya, ka manna a bango a tsayin da allon zai zauna, ka kira wanda bai san aikin ba ka ce masa ya nemo unguwarsu a shekara kaza, kai kuma ka riƙa canza takardun kamar kai ne kwamfutar. Kada ka yi masa bayani, kada ka taimake shi; ka rubuta inda ya yi jinkiri da inda ya taɓa abin da ba maballi ba. Nielsen ya nuna cewa mutum biyar sukan bankaɗo mafi yawan matsalolin tsari, don haka gwaji ƙanana sau da yawa ya fi babba sau ɗaya, matuƙar an sa yara da dattawa da naƙasassu a ciki. Bayan takarda sai samfuri a kan ainihin allon, daga nan sai a cikin zauren. A ƙarshe ka saki ayarin yara a kansa su taɓa ko'ina da tafin hannu goma lokaci guda, sannan ka bar shi a kunne kwana da kwanaki ka ga ko manhajar za ta yi nauyi ko ta tsaya.

Mataki na goma: kafawa da kulawa

A kulle kwamfutar ta yadda manhajar baje kolin kaɗai za ta buɗe, a kashe jan yatsa daga gefe da ke fito da saitunan na'ura, a kashe sanarwa da sabuntawar da ke zuwa da kanta. Kayan ciki duka su zauna a kan kwamfutar, ta yadda yankewar intanet ba za ta tsayar da komai ba. Idan ana nuna bayanai na kai tsaye, kamar motsin motocin haya ko ingancin iska, a ajiye na ƙarshe da aka samu a nuna shi da lokacinsa. A saita na'urar ta tashi da kanta idan wuta ta dawo, a haɗa ta da batirin ko-ta-kwana, a sa ƙaramar manhajar da za ta sake kunna babbar idan ta faɗi. Akwatin da allon ke ciki ya samu mashigar iska da fanka da ƙofar da ma'aikaci zai buɗe ba tare da an kwance bango ba.

Ka rubuta wa ma'aikatan zaure takarda guda: yadda ake kunnawa, yadda ake kashewa, abin da za a yi idan ya daskare, da wanda za a kira. A goge gilashin kullum da ƙyalle mai laushi da ruwan gogewar da kamfanin ya amince da shi, a fesa a ƙyallen ba a kan allon ba. Masu kula da baje kolin su samu hanyar gyara rubutu ko ƙara hoto da kansu, domin a makon farko dattawan gari za su zo da gyare-gyaren suna da shekara, kuma sau da yawa su ne da gaskiya. Manhajar ta riƙa ƙirga shafukan da aka buɗe da tsawon zaman kowane amfani ba tare da ta san ko wane ne ba. Bayan wata guda ka haɗa wannan ƙirga da abin da ka gani da idonka a zauren: shafin da ba a buɗewa a matso da shi gaba ko a cire shi, inda kuma mutane ke yawan barin allon a duba ko rubutu ne ya yi yawa ko hanya ce ta ɓace. A ajiye kwafin manhajar da kayan cikinta da bayanin yadda aka haɗa su a wuri biyu daban, tare da kwamfuta guda ta ajiya da aka riga aka saita, wadda za a iya musanyawa cikin 'yan mintuna.